Ɓarɓashin leda a lakar fadama: shin abin da ake faɗa game da bakin teku ya shafe mu?

Manomin Fadama, ƙasar Auyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan'uwa na wannan zaure, ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon duk wanda Allah ya hore wa sani a kanta ya taimaka ya warware mini.

Ni manomin shinkafa ne a fadamar da ke gabas da ƙauyenmu, gonar kuwa gadon mahaifinmu ce, tun ina yaro nake shiga cikinta. Bana da ruwa ya janye muka fara gyaran fangali domin noman rani, sai na lura duk inda na kafa fartanya na ɗago laka sai na ga guntayen leda a ciki, baƙa da fara, wasu kamar farce, wasu ba su kai ƙwayar dawa ba, ga kuma zare-zaren buhun taki waɗanda in ka murza su da yatsa sai su koma gari. Da muka haƙa ramin da za mu girka injin ban-ruwa, na ga abin ya nutsa ya wuce taƙi guda, daga nan zuwa ƙasa kuma sai laka tsantsa irin wadda na sani ina yaro.

A cikin makon nan na ji wani shiri a rediyo inda ake cewa irin wannan ɓarɓashi yana taruwa a lakar fadamun bakin teku, wai har yana da nasaba da sauyin yanayi. Mu da ke nan Jigawa tsakaninmu da teku tafiya ce mai nisan gaske. Shin maganar ta shafe mu, ko ta mutanen Legas ce da Fatakwal? Sannan mece ce alaƙar ledar fiya wata da zafin da ke ƙaruwa da ambaliyar da ke cinye mana gonaki?

Malamin Labarin Ƙasa, Hadejia

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malam, Allah ya saka maka da alheri, domin abin da ka yi a bakin ramin injinka shi ne ainihin aikin da masu bincike suke yi da bututun ƙarfe. Sukan soka shi cikin laka, su zaro ta a jere kamar yadda ta kwanta shekara bisa shekara, sannan su duba a wane hawa roba ta fara bayyana. An yi wannan aiki a gaɓar Kalifoniya ta Amurka, kuma sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna cewa tun daga 1945 yawan ɓarɓashin robar da ke kwanciya a ƙasan ruwan yana ninkawa kusan duk shekara 15. An yi makamancinsa a dazuzzukan bakin Bahar Maliya da Tekun Fasha a ƙasar Saudiyya, aka fitar a 2020, nan ma aka ga yana ta hauhawa tun daga shekarun 1950. Lakar da ka tarar tsantsa a ƙasa ta zamanin mahaifinku ce, lokacin da ake ɗebo ruwa a tulu, a je kasuwa da ƙwarya da kwando.

Masana suna kiran duk guntun robar da bai kai milimita 5 ba da sunan ɓarɓashin roba, kuma wani masanin halittun ruwa ɗan Ingila, Richard Thompson, shi ne ya yayata wannan suna a 2004. Abin da ya kamata kowa ya fara riƙewa shi ne leda ba ta ruɓewa kamar ganye ko kara. Ganye in ya faɗi, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa sukan cinye shi ya zama taki. Leda kuwa daga man fetur da iskar gas ake yin ta, waɗannan halittu ba sa iya cin ta sai abin da ba a rasa ba, saboda haka rana ce ke gasa ta har ta bushe ta yi ƙarau, iska da ruwa da kofaton dabbobi su kakkarya ta. Buhun takin da ka murza ya koma gari yana nan da ransa, girmansa ne kawai ya ragu. Kuma akwai wanda ido ba ya gani tun daga farko, kamar garin tayar mota da babur da ke goguwa a kan kwalta, da zaren da ke fita daga tufafin roba duk lokacin da aka yi wanki.

Dalilin da ya sa ake ambaton fadamun bakin teku shi ne ruwa mai gudu yana ɗauke da kayansa, da zarar ya rage gudu kuma sai ya sauke. Inda kogi ya haɗu da teku ruwa yakan lafa, saiwoyin itatuwa da ciyayi su tare abin da ya ɗauko. Ledar da ba ta da nauyi tana yawo a saman ruwa da farko, amma gansakuka da laka sukan manne mata har ta yi nauyi ta nutse, in kuma laka ta binne ta, babu rana babu iska, to ta samu wurin zama na shekaru masu yawan gaske. Wannan bayani bai bambanta bakin teku da fadamar Auyo ba ko kaɗan.

Ni a ganina ma akwai fuskar da lamarinmu ya fi nasu tsanani, kuma ita ce na fi so a yi tunani a kanta. Kogin Neja da na Binuwai suna da ƙofar fita zuwa Tekun Atilantika. Namu ba shi da ita. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya biyo ta Ringim ya iso nan Hadejia, sannan ya watsu cikin fadamun da ke tsakaninmu da Nguru, mafi yawansa ba ya wuce Gashuwa. Ɗan abin da ya wuce ya bi Kogin Yobe, Tafkin Chadi yake faɗawa, shi kuma tafkin ba ya zuba a kowane teku. Ruwan yakan ƙafe ya tashi sama, ko ya tsiyaye ƙasa, ko shuka ta shanye shi, amma abin da ya kwaso daga kwatocin birni da kasuwannin bakin hanya yana nan inda ya sauke shi, wato a gonarka da gonakin maƙwabtanka, da irin su Baturiya wadda aka sanya cikin jerin fadamun Yarjejeniyar Ramsar, ta kare fadamu masu muhimmanci a duniya, a 2008 saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a cikinta.

Game da sauyin yanayi, nasabar da ta fi nauyi tana can wurin ƙera robar. A 1950 abin da duniya ta ƙera bai wuce tan miliyan 2 ba, amma a 2019 ya kai tan miliyan 460 bisa lissafin OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba. Ita dai ƙungiyar ta ƙiyasta cewa a wannan shekara roba ta jawo fitar iskar da ke ɗumama duniya har tan biliyan 1.8, wato kashi 3.4 cikin ɗari na duk abin da duniya ta fitar, kuma kashi 90 cikin ɗari na wannan daga haƙo mai da sarrafa shi zuwa roba yake. Kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Ledar fiya watar da yaro ya sha ya jefar cikin minti biyu ta riga ta fitar da mafi yawan hayaƙinta tun kafin ta iso hannunsa. Bayan haka, masu bincike a Jami'ar Hawai sun nuna a 2018 cewa roba in tana shan rana tana fitar da iskar metan da ta etilin, waɗanda ke cikin iskar da ke ɗumama duniya, kuma irin robar da ake yin leda da ita ce ta fi fitarwa. Wannan gaskiya ne, sai dai adadin ƙalilan ne in an gwada da abin da ke fita daga rijiyoyin gas da cikin shanu da gonakin shinkafa, don haka kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Sannan lamarin yana da komowa. Zafi yana hanzarta farfashewar leda, ambaliya kuma tana kwashe abin da ya taru ta kai shi inda bai taɓa zuwa ba. A yankin Manchesta na Ingila an auna lakar koguna kafin ambaliyar hunturun 2015 zuwa 2016 da kuma bayanta, aka tarar ruwan ya kwashe kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarɓashin da ke kwance a ƙasan kogunan. Su nasu teku ya nufa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san inda namu ya sauka.

Ɗan Masunta, Kirikasamma

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na karanta wa Baba bayaninka a daren jiya, ya ce lalle in rubuto abin da shi ya gani da idonsa, domin ya fi shekara hamsin yana su a waɗannan ruwaye.

Ya ce a da komarsu da birginsu da zaren auduga ake saƙa su, in suka tsufa suka yage sai su ruɓe a bakin ruwa, kafin damina biyu babu alamarsu. Yanzu kallin nailan ake saye a kasuwa, mai siririn zare kamar gashi, yana da araha kuma kifi ba ya ganinsa, amma ba ya daɗewa. In ya sarƙe a cikin kachala ba wanda ke ɓata lokacin kwance shi, sai a yanke abin da za a iya a bar sauran, shi kuma yana nan a ƙarƙashin ruwa yana kama kifi da tsuntsu suna mutuwa a banza har ranar da zai gutsuttsure. Abin da ake ɗaura wa koma don ta yi yawo a saman ruwa ma ya canza, yanzu tsofaffin silifas ne da farin soson da ake rufe kayan lantarki da shi, wanda ke marmashewa kamar gurasa. Ga kuma gidan sauro da wasu ke jan ƙananan kifi da shi ko su kewaye irin shinkafa.

Maganar kachala ce ta fi damun Baba. Tun bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa a wasu hanyoyinsa da rani kamar yadda yake yi a da, kachala ta samu wurin zama ta toshe magudanai. Ya ce yanzu ita ce matata, duk ledar da ruwa ya kawo a jikinta take tsayawa, laka ta hau kai, hanyar ruwa ta ƙara cikewa, ruwan ya fasa ya shiga gonaki da gidaje. In kuma an yi gayya an sare ta, sai a tara a cinna mata wuta tare da duk robar da ke maƙale a ciki.

Tambayata ita ce game da kifi. Tarwaɗa a cikin laka take kiwo, kuma ni kaina na sha ganin zaren koma da guntun leda in ana fede ta. Shin akwai illa ga mai ci? Da wannan sana'a muke ciyar da iyali, kuma ba ma son mu sayar wa mutane abin da zai cuce su.

Tsohon Malamin Gona, Bunkure

Salamu alaikum. Na yi shekaru ina aiki a jihohin Ribas da Bayelsa kafin in dawo gida, saboda haka bari in ba wa ɗan'uwanmu na Auyo hoton wurin da aka yi magana a kansa a rediyo.

Dazuzzukan bakin teku da ake kira mangurob itatuwa ne da ke tsaye cikin ruwan gishiri a kan saiwoyi masu kama da ƙafafu, teku yana cikowa ya rufe su sannan ya janye, sau biyu a kowace rana. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan irin wannan daji, mafi yawansa kuma a Neja Delta. Lakar wurin baƙa ce wuluk, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, mutum yakan nutse a ciki har cinya. Darajarta a maganar yanayi ita ce ganye da saiwar da suka mutu ba sa ƙarasa ruɓewa saboda babu iska a cikin lakar, sai sinadarin kabon, wanda ke cikin iskar da ke ɗumama duniya, da itacen ya zuƙo daga sararin sama ya zauna a binne shekaru ɗaruruwa har dubbai. Wani bincike da aka fitar a 2011 kan irin waɗannan dazuzzuka a yankin Tekun Indiya da na Fasifik ya samu kimanin tan 1,000 na kabon a kowace hekta, mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasa. Rumbu ne babba, kuma muddin dajin yana raye rumbun a rufe yake.

To saiwoyin nan da ke tare laka su ne ke tare leda. Na ga wuraren da bayan ruwa ya janye ba ka ganin ƙasa sai ledoji da gorunan roba sun lulluɓe saiwoyin da itacen ke numfashi da su. A tsibirin Jaba na Indunusiya an gwada rufe irin waɗannan saiwoyi da leda da gangan, aka ga waɗanda aka rufe gaba ɗaya suna mutuwa. Shi kuwa ɓarɓashin da ya shiga cikin lakar, aikinsa a ɓoye yake. A 2020 masu bincike a jihar Bajiniya ta Amurka sun gauraya lakar fadamar gishiri da garin roba iri-iri, suka ga ƙananan halittun da ke cikinta sun canza, kuma robar PVC, wadda ake yin bututun ruwa da ita, ta dakushe aikin da suke yi na sarrafa sinadarin naitirojin. Manomi ya san darajar wannan sinadari, domin shi yake saye a buhun yuriya. In dajin ya mutu ko teku ya ci gaɓar, kamar yadda yake cin garin Ayetoro a jihar Ondo, lakar takan buɗe, kabon ɗin da ke binne ya fita ya koma sama, robar da ke binne ita ma ta koma ruwa.

Sai dai ina so in ja hankalinmu kan abu biyu, tare da girmamawa ga Malam na Hadejia. Fadamarmu ba daidai take da tasu ba ta fuskar ajiyar kabon, domin tamu tana bushewa kowace shekara, iska ta shiga lakar, ciyawar da ta mutu ta ruɓe. Kuma fadamar ruwan daɗi ta fi ta ruwan gishiri fitar da iskar metan, ita ce kumfar da ke tasowa in ka taka taɓon da ya daɗe a ƙarƙashin ruwa. Na biyu, abin da ya fi kashe dazuzzukan Neja Delta shi ne malalar ɗanyen mai, wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya bayyana a 2011, da saran itace, da cike gaɓa da yashi don gini, da wani irin kwakwa baƙo da aka shigo da shi Kalaba a 1906 ya mamaye wurare. Leda ƙari ce a kan waɗannan. Haka ambaliyarmu: ruwan sama mai zuba da yawa a ɗan lokaci, da cikewar koguna da yashi, da kachala, da gini a kan hanyar ruwa, duk suna da hannu. Ledar da ta toshe kwalbati tana da nata kason, kuma shi ne kason da ke hannunmu tun daga yau.

Ma'aikaciyar Lafiya, Wudil

Assalamu alaikum. Ƙanena na Kirikasamma, a gaida Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya. Game da kifi, mafi yawan guntayen da ake samu a cikin hanji da ciki suke, don haka kifin da aka fede aka wanke sosai an rage abin ƙwarai. Ƙananan kifin da ake soyawa a ci gaba ɗaya su ne ke wucewa da nasu. Gaskiya ne ɓarɓashin yana shiga jikin mutum, domin a 2022 masu bincike a ƙasar Holan sun gwada jinin mutum 22 suka same shi a jinin 17 daga cikinsu, kuma ta abinci da ruwa da iskar shaƙa duk yana shiga. Amma ni da nake auna yara a asibiti ina ganin masu tamowa, ba zan taɓa ce wa uwa ta hana ɗanta kifi ba. Ku ci gaba da sana'arku, ku fede da kyau, ku daina jefa hanjin cikin ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali hayaƙi ne. A gidaje da yawa da leda ake hura wuta, musamman da damina in itace ya jiƙe, mace tana durƙushe a kan murhu da goyo a bayanta suna shaƙa. Da yamma kuma a cinna wa juji wuta, hayaƙin ya kwanta a kan unguwa har dare. Ƙona roba a fili yana fitar da guba mai cutar da huhu, yana fitar da baƙar toka mai riƙe zafin rana a sararin sama, kuma abin da bai ƙone ba yakan dunƙule ya farfashe, ruwan farko ya wanke shi zuwa kogi. Ga alalen da ake dafawa cikin leda maimakon gwangwani, da kunu mai zafi da ake ƙullawa a ciki, da tuwon biki da ake naɗewa yana tururi, alhali zafi yana ƙara sakin abin da ke jikin ledar.

Yaya na Auyo, akwai kuma hanyar da ba ta ruwa ba wadda ba a ambata ba tukuna, wato takin bola. Mu nan kewayen Kano tun kaka da kakanni manoma ke sayen sharar birni su zuba a gona, kuma a da alheri ce tsantsa, toka ce da kashin dabbobi da ragowar abinci. Yau in tifa ta juye, kafin a watsa sai ka ga iska tana tashi da ledoji suna maƙalewa a ƙaya. Dabbobi su ci wasu, kuma kowane mahauci zai gaya maka dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbin akuya da saniya, garma kuma ta binne sauran.

Ba na son a mayar da laifin kan mata da talakawan ƙauye. Wadda ba a zuwa kwashe mata shara, ina za ta kai? Wanda rijiyarsu ta gurɓace lokacin ambaliya ya sayi fiya wata don gudun amai da gudawa, ya yi daidai. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Jihar Legas ta hana farin soson zuba abinci a watan Janairun 2024. A matakin duniya an amince a Nairobi a 2022 cewa za a ƙulla yarjejeniya kan roba, amma zaman Busan ta Koriya ta Kudu na ƙarshen 2024 da na Janiba ta Suwizalan a watan Agustan 2025 duk an tashi ba a cimma matsaya ba, babban saɓanin kuwa a kan rage yawan robar da ake ƙerawa ne. Mu a nan, famfo mai ruwa mai tsabta a kowace unguwa zai rage leda fiye da kowace doka.

Malamin Labarin Ƙasa, Hadejia

Na karɓi gyaran Malam na Bunkure, haka abin yake, fadamarmu matattarar roba ce fiye da yadda take rumbun kabon. Hajiya kuma ta kawo maganar takin bola wadda ta kuɓuce mini.

Ga mai tambaya, ɓarɓashin da ya riga ya gauraya da laka babu hanyar tsince shi a gona, saboda haka duk ƙoƙarin yana kan babbar leda kafin ta farfashe. Buhun taki in ya ƙare a shigar da shi inuwa, domin rana ce ke cin sa. Takin bola a tankaɗe shi da rariyar waya kafin a watsa. Bayan ruwa ya janye, makonnin farko su ne lokacin tsintar abin da ya maƙale a kunya da bakin magudana, tun yana da ƙwari. Gorunan roba da tsofaffin bokitai da silifas 'yan gwangwan suna saye.

In kana son ka nuna wa mutanenku abin da idonsu, ka jiƙa gishiri a ruwa har ya daina narkewa, ka zuba busasshiyar lakar gonarka a ciki ka motsa sosai, ka bari ta kwanta, sannan ka tace ruwan saman da farin ƙyalle. Garin leda da na buhu zai taso, domin bai kai ruwan gishiri nauyi ba. Na bututun ruwa da na gorar lemo ya fi nauyi, zai zauna a ƙasa tare da yashi, saboda haka abin da za ka gani a ƙyallen wani sashe ne kawai na abin da ke ciki. Da wannan hanya ake fara aikin a ɗakunan bincike ma.

Manomin Fadama, ƙasar Auyo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Jiya da la'asar na yi gwajin gishirin da lakar wuri biyu, ta bakin magudana da ta tsakiyar gona. Ƙyallen bakin magudana ya fito da ɗigo-ɗigo baƙaƙe da shuɗaye da fararen zare masu yawa, na tsakiya kuma bai kai shi ba. Na ajiye su duka biyu zan kai wa Sarkin Noma da 'yan ƙungiyarmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, domin mu tsayar da ranar gayyar tsintar bakin magudana kafin a sako ruwan rani.

Da na koma gida na duba bayan rumbu, na tarar da tsofaffin buhuna sun fi talatin a jibge cikin rana tun girbin bara, na saman sun riga sun fara zuba, na kwashe sauran na shigar zaure. Saura tamfol ɗin da muke bugun shinkafa a kai, wanda shi ma duk shekara yake ƙara sirancewa yana barin shuɗin gari a masussuka. Malam na Bunkure, in akwai abin da za a iya shimfiɗawa a madadinsa wanda manomi zai iya saye, ina sauraro, domin girbi yana tafe a watan Mayu.